Igiyar da Haladu Ya Ɗaura wa Sanusi

Akwai wani mutum mai suna Sanusi, shugaban ma'aikata a wata gonar dabino da ke Al-Awali a Madina. Ƙato ne, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ni dai ban taɓa ganin amfanin irin wannan ƙarfi ba.

A gonar akwai ɗakin da ake rufe dabino a sakar masa iskar guba don kashe ƙwari. Mai shiga ya buɗe tagogin ɗakin sai ya sa farar riga tun daga kai har ƙafa, da gilashi a fuska, da tulun iska a baya. Tun da aka nuno 'yan sama jannatin Saudiyya a talabijin, ma'aikata suka laƙaba wa masu wannan aiki suna 'yan sama jannati.

Dokarsu ma iri ɗaya ce da ta masu zuwa saman. Ba ka ganin bayanka, don haka abokin aikinka ne zai duba maka kaya, ya maƙala maka igiya a ƙugu, ya tsaya a ƙofa riƙe da ita.

Abokin aikin Sanusi shi ne Haladu, wani siririn mutumin Damagaram mai sanyin hali.

Wata rana da hantsi, motar ɗaukar dabino tana jira, Sanusi ya zura kayansa ya nufi ƙofa. Haladu ya riƙo tulun bayansa.

"Yaya Sanusi, dakata. Tiyon iskarka ya tsage."

"Cika ni. Yalla, mu yi sauri, mota na jira."

"Wallahi ina jin hucinsa, Yaya."

Sauran ma'aikata suna kallo, wani ma ya yi dariya. Dariyar nan ce ta hau kan Sanusi.

"Ni za ka riƙa lalubawa kamar rago a kasuwa?"

Ya juyo ya kai wa Haladu naushi a fuska. Gilashin kayan aikin da shi ma Haladu ke sanye da su ya tarwatse, wani ɓari ya shige idonsa na hagu. Haladu ya zube, jini yana bin farar rigar. Bai ishi Sanusi ba, sai da ya ƙara masa shuri biyu a haƙarƙari, sannan ya juya yana kokawa da sakatar ƙofa.

Haladu bai rama ba. Da rarrafe ya matso, ya maƙala igiyar a ƙugun Sanusi ta baya. Sanusi bai ma sani ba, ya shige ciki abinsa.

Ba a jima ba aka ji ƙarar faɗuwa. Ta ƙofar aka hango shi a ƙasa yana shure-shure, yana yagar wuyan rigarsa, amai ya cika gilashin. Ma'aikata suka watse, don babu mai kayan shiga. Na Haladu ne kaɗai, kuma Sanusi ya fasa su da hannunsa.

Haladu ya tokare ƙafa da dokin ƙofa ya fara ja. Haƙarƙarinsa a karye, ba ya gani sosai, igiyar tana saɓule masa fatar tafin hannu. Wani cikin ma'aikatan ya ɗaga murya daga nesa.

"Haladu, saki ka gudu! Gubar na fitowa!"

"In na saki ya mutu. Ku kira is'af, motar asibiti."

Haka ya jawo ƙaton nan har waje, ya ja shi zuwa ƙarƙashin dabino, sannan shi ma ya sume kafin motar asibitin ta iso.

Sanusi ya rayu, amma huhunsa ya lalace. Ko tsallaka ɗaki ya yi sai ya zauna yana haki. Ranar da ya fara iya magana, aka tura shi a keken marasa lafiya zuwa gadon Haladu. Ya ga bandeji a rabin fuskarsa, sai ya fashe da kuka kamar yaro.

"Haladu, ka yafe min."

"Na yafe tun ina jan igiya, Yaya. Ba zan riƙe mutum a garin Manzon Allah ba."

"Idon fa?"

"Likita ya cire shi jiya."

Darasi: Wanda ya tsayar da kai ya gaya maka aibin da ke bayanka ba raina ka ya yi ba, ranka yake so. Kuma yafiya ba ta mayar da abin da fushi ya fasa. Ku tura wannan ga duk mai saurin hannu da kuka sani.