Tukunyar Kunun Tsamiya

Ku taho ku zauna, dukanku. Garba, kife wayar nan. Jibi sunan 'yar ƙaninku Sabi'u, ya kuma bar mini zaɓin suna. Sunaye uku ke raina, na malamai mata uku daga jami'a, jaririya kuwa ɗaya ce.

Kuna can birni bara da ɗan Sabi'u na fari, Mudi, ya fara suma yana sanƙarewa. Ba shi kaɗai ba, yara tara a unguwarmu. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, har muka binne biyu.

Dakta Safara'u ta fara zuwa. Kowa na cewa zazzaɓin sauro ne, ita ta ce a'a. Ta ɗebi jinin yaran ta auna, ta ce gubar dalma ce. Ta riƙe Mudi a asibiti mako uku tana wanke masa jini da magani, har ya buɗe ido ya nemi ƙosai. Da ba ta zo ba, da shi ne na uku. Amma ta gaya mini gaskiya: in ya koma inda gubar take, zai sake kwantawa, ita kuma ba ta san inda take ba.

Sai Malama Lubabatu, mai binciken muhalli. Ta auna ruwan rijiya, lafiya. Ta auna ƙasar tsakar gida, lafiya. Abokan aikinta suka tattara suka tafi, ita ta jawo kujera ta zauna a madafata. Kwana huɗu tana kallona ina dama kunun tsamiya. Rana ta biyar ta ce, “Inna, wa ya ƙera tukunyar nan?” Ashe maƙeranmu na narka tsoffin ƙarafa har da kayan cikin batirin mota, tsamin kunu kuwa yana jawo gubar. Ni na sayi tukunyar, ni nake ba yaron kunun da hannuna. Ba na ɓoye wa kowa.

Hukuma ta ce a rufe maƙera, a ƙwace tukwane. Mata suka tura nasu ƙarƙashin gado, don kayan aure ne. Ni ma na ɓoye biyu, kada ku kalle ni. Malama Sahura, wadda ta karanci falsafa take binciken tsarin mulki, ta bi mu gida gida tana saurare, sannan ta tsaya gaban majalisa. Ta ce ba adalci ba ne a hukunta wanda bai san yana cutarwa ba, kuma dokar da ke sa mutane ɓoye guba ba ta tsare yaro ko ɗaya ba. Ta sa aka mayar da ƙwace musaya: kawo tsohuwa, karɓi sabuwa. Aka koya wa maƙera ware ƙarfe, su suka ƙera sababbin. Da rana tsaka na ɗauki nawa biyu a ka, mata suka biyo ni.

Yau ga Mudi can yana korar awaki. Tun daga ranar ba mu sake binne yaro ba.

Ɗaya ta fitar da gubar daga jikinsa, ɗaya ta gano ta a madafata, ɗaya ta fitar da ita daga garin. Na biya muku karatu da kuɗin ƙuli, yau zan ga amfaninsa. Ku raba mini gardamar nan kafin a ɗaure rago: Safara'u, Lubabatu ko Sahura, sunan wa za a raɗa wa yarinyar?