Ruwan Zafin Gwaggo Tabawa

An yi wani mutum, shekaru da yawa da suka wuce, a wani gari na kan duwatsu inda sanyi ba ya wasa da kowa. Sunansa Mati, sana'arsa wankin mota. Na ga wasunku sun fara yamutsa fuska. Kun saba in aka ce labarin bawan Allah, to ko dai malami ne mai babban rawani, ko attajirin da ya ciyar da gari. Wannan bokiti biyu gare shi, da tsumma, da gwangwanin kakin shafa wa mota. Ku dai saurara.

Mati ya iya aikinsa, kuma iyawar tasa ta sha jawo masa gardama. Mutane sun ɗauka kumfa ita ce tsabta. In ba su ga mota ta lulluɓe da kumfa kamar an yi ɓarin nono ba, a wurinsu ba a wanke ta ba. Shi kuwa Mati ba ya kusantar fenti da garin sabulun wankin kaya, ya ce yana cinye ƙyallin mota a hankali har ta koma kamar tsohon kwano. Daga rufi yake farawa ya gangaro ƙasa. Bokiti ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraye tsumma, don ƙwayar yashi guda a cikin tsumma ta isa ta yi wa mota zane. In damina ta ɗauke, sanyi ya kusa, sai ya bi motocin da yake kula da su ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu kaki a inuwa, ya bari ya sha iska, ya goge da tsohuwar riga mai laushi. In an tambaye shi sai ya ce mota ma fata gare ta, yadda mutum ke shafa man kaɗe don kada ƙafa ta yi faso haka ita ma. In ya gama ya yayyafa ruwa, sai ka ga ruwan yana gangarowa dunƙule-dunƙule kamar a kan ganyen gwaza.

Babban gidan da yake yi wa aiki shi ne gidan Alhaji Maiwada, wani dillalin hatsi mai baƙar mota wadda yake ji da ita fiye da yadda ya kamata a ji da ƙarfe. Ta dalilin Alhaji ne sauran gidajen layin suka san Mati. Wanda Alhaji ya yaba, layi ya yaba. Wanda ya kushe kuwa, kun san sauran.

A gidan akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Alhaji. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ɗakinta na ƙauye ya rushe da damina, aka ɗauko ta aka kawo birni. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsohuwa ce mai sanyin hali ba. Baki gare ta. Ita ta goyi Alhaji yana jariri, kuma ba ta bari a manta. Yana zaune da manyan baƙi sai ta leƙo ta ce, "Ɗan Tsito, ka ci abinci kuwa?" Mutum da furfura a gemu, ana kiransa Ɗan Tsito a gaban masu sayen buhu ɗari. Alhaji ya daɗe yana neman hanyar mayar da ita ƙauye, sai dai yana tsoron bakin dangi. Yana bukatar dalili.

Wannan tsohuwa mai baki ita kaɗai ce a gidan ta taɓa kallon hannun Mati. Kowa motar yake kallo. Ita ta ga yatsunsa sun tsattsage saboda ruwan sanyi da sassafe, har jini yana fitowa. Daga ranar, kullum in sanyi ya shigo, sai ta fito da ƙaton kwano na ruwan zafi ta dire masa a gefen mota.

"Ungo, tsoma hannun nan. Kai ba ka da mata ne a gida da za ta gaya maka hannu ba itace ba ne?"

"Ina da ita, Gwaggo. Ta gaya mini."

"To ba ka ji ke nan. Duk halinku ɗaya."

Haka suke kullum. Ke ta bayan can, ajiye wayar nan, yanzu aka zo wurin.

Wata Asabar, tsakiyar sanyi, Alhaji zai tafi ɗaurin aure wani gari, kuma ya yi wa manyan mutane uku alkawarin zai ɗauke su. An bar motar ta kwana a gindin mangwaro, jemagu suka yi mata kaca-kaca da kashi. Na jikin fenti bai ba Mati wahala ba, don bai daɗe da shafa kaki ba, yana gogawa yana fita. Na gilashin gaba ne ya bushe ya kafe kamar an liƙa shi da ƙaro. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da babbar riga yana duba agogo, yana cewa, "Mati, yau kwana za mu yi?" Ga kwanon Gwaggo a ajiye yana tururi, ranar ma ta tafasa shi sosai saboda tsananin ɗari.

Mati ya san ba a zuba ruwan zafi a gilashi mai sanyi. Ya sha hana wasu. Ya kuma san akwai ɗan tabon tsakuwa a kusurwar gilashin, don shi ya fara ganinsa. Duk da haka, gaggawa ta sa ya ɗauki kwanon ya kwarara. Ina faɗin wannan ne don masu tsammanin mutumin kirki ba ya kuskure. Yana yi, wani lokaci ma kuskuren da yaro ba zai yi ba. Gilashin ya ce tas, tsaga ta tashi daga kusurwa ta ratsa har ɗaya gefen.

A zamanin ba a samun irin gilashin a garin, sai an aika nesa an jira makonni. Alhaji ya tafi ɗaurin aure a matse a bayan motar wani, shi da baƙin da ya yi wa alkawari, ana ta yi masa jaje mai kama da dariya.

Washegari da hantsi ya aika a kira Mati. Mati ya zo yana jiran faɗa, sai ya tarar da Alhaji cikin fara'a, har da cewa a kawo masa shayi. Ku lura, in mai fushi ya tarbe ka da shayi, akwai abin da yake so.

"Mati, ni na san aikinka. Shekara nawa kana taɓa motar nan, ko ƙwarzane ban taɓa gani ba. Wannan ba halinka ba ne."

"Kuskure ne, Alhaji, kuma nawa ne. Ina neman afuwa."

"Bar wannan. Wa ya kawo ruwan?"

"Gwaggo ce, Alhaji. Don hannuna take kawowa."

"Yauwa. Gwaggo ce. Na sha gaya mata ta daina shiga abin da babu ruwanta. Jibi 'yan'uwa za su taru a nan kan wata magana. Zan kira ka, in tambaye ka a gabansu wa ya kawo ruwan zafi wurin mota, ka ba ni amsar da ka ba ni yanzu. Shi ke nan. Ka ci gaba da aikinka, maganar gilashi ta wuce."

Mati ya kalli kofin shayin. Ya gane. Ba tun yau yake shiga gidan ba, ya san me ake nema, ya kuma san babu ɗakin da ke jiran tsohuwar a ƙauye. Ya san ma abin da zai biyo baya in ya ƙi, don duk gidajen layin da idon Alhaji suke kallonsa.

"In aka tambaye ni, Alhaji, zan ce ita ta kawo don in ɗumama hannu, ni kuma na ɗauka na zuba a gilashi alhali na san ba a yi."

"Farkon ya isa. Ba sai ka yi mana dogon bayani ba."

"Ai in na tsaya a farkon, za su ɗauka ita ta fasa."

"Na ce ka yi ƙarya ne? Ita ta kawo ko ba ita ba?"

"Ita ta kawo, ranka ya daɗe."

"To mene ne?"

"Hannuna ta kawo wa. Hannuna ne ya kai shi kan mota."

Alhaji ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya yi lallashi, ya tuna masa iyali. Mati bai ɗaga murya ba, bai yi wa'azi ba, amsar dai ita ce ba ta sauya ba. Daga ƙarshe fara'ar ta ƙare. Alhaji ya ce ya kwashe bokitansa, kada ya sake ganinsa a layin.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Ladidi, ta ajiye tsintsiya ta zuba masa ido.

"Malam, tsaya in gane. An ce ka faɗi gaskiya, ka ƙi?"

"Rabinta aka ce in faɗa."

"To rabin gaskiya ba gaskiya ba ce? In na ba ka rabin tuwo, ba tuwo ba ne?"

"Tuwo ne. Amma wannan rabin, in na miƙa shi, tsohuwa za ta kwana a kango."

"Tsohuwar da kullum take zaginka."

"Tana zagina da kwanon ruwan zafi a hannunta, Ladidi."

"Allah Ya ba mu haƙuri da kai. Ni dai na auri mutum mai gyara wa mutane mota yana ɓata wa kansa rayuwa."

Kada ku yi saurin zargin Ladidi. Ita za ta ɗora tukunya, kuma tambayar da ta yi ita ce wadda rabinku kuke yi a zuci yanzu.

Cikin mako guda layin ya rufe masa ƙofa. Mutumin da ya shekara goma sha yana kare musu fenti ya koma "wanda ya fasa gilashin Alhaji". Ya ƙare a tasha yana wankin motocin haya, inda babu mai tambayar kaki, direba dai a watsa ruwa a yi kumfa ya tafi. Taron dangi kuwa aka yi aka watse ba a ambaci Gwaggo ba, don babu shaida.

Na ga kun gyara zama kuna jiran in ce daga baya Alhaji ya yi nadama ya ba shi kujerar Makka, ko wani baƙo ya zo tasha ya buɗe masa katafaren wurin wanki. Haka aka saba ba ku labari, shi ya sa kuka ɗauki kirki kamar adashi, ka zuba yau ka kwasa wata mai zuwa. Babu abin da aka ba Mati. A tasha ya tsufa. Sakamakonsa yana wurin Wanda ba a ɓoye masa komai, kuma ba a nuna mana shi ba.

Abin da ma ya fi ba ni haushi, Gwaggo Tabawa ba ta taɓa sani ba. Ta zauna a gidan shekara bakwai, tana cin abincinta da ɗumi, tana kiran Ɗan Tsito a gaban baƙi, har Allah Ya karɓi abarsa a kan gadonta. Duk tsawon shekarun, in aka ambaci Mati sai ta ce, "Wannan butulun? Sanyi nawa na yi ina dafa masa ruwa, ya tafi ko sallama." Maganar ta kai kunnensa a tasha. Ya ce, "Ta yi gaskiya, ban yi mata sallama ba." Ya san in ya je za ta tambaye shi dalili, kuma ko dai ya yi mata ƙarya, ko ya gaya mata ɗan da ta goya yana neman hanyar korarta. Sai ya zaɓi ya zama butulu a bakinta. Bayan rasuwarta ne Ladidi, wadda ta gaji da riƙe maganar, ta faɗa wa mata a wurin zaman makoki.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Ana iya jera kalmomi, kowacce gaskiya ce, a gina ƙarya da su. Wanda ya faɗi rabin magana yana sane da abin da za a fahimta, ya yi ƙarya, ko da ya rantse bai faɗi kalma ɗaya da ba haka take ba. Kuma wanda ya taimake ka da zuciya ɗaya, in abin ya lalace a hannunka, laifin naka ne.

Mu kuwa yaya muke? Maƙwabciya ta nuna miki tela, ke kika ba shi awo ba daidai ba, ɗinki ya ɓaci, kin bi gari kina cewa ai ita ta kai ni. Ƙanwarki ta ara miki tukunya, kika bar ta a wuta kika tafi hira, shinkafar biki ta ƙone, sai ga ki kina cewa tukunyar wance ce ba ta da kauri. Kai ma da ke gefe kana murmushi, abokinka ya gaya maka inda ake sayar da babur, ka saya ba ka duba ba, yau shekara biyu ba ka gaishe shi. Duk abin da kuka faɗa ya faru, ban musa ba. Amma kun san inda kuka yanke maganar, kun kuma san dalilin yankewar. Shi ya sa mutane suka fara tsoron taimako, kowa ya ga ɗan'uwansa cikin wahala sai ya kau da kai, don kada gobe a ce shi ne.

Saboda haka in abu ya ɓaci a hannunki, bakinki ya buɗe zai ce "ai ita ce ta", ki tsaya ki ƙarasa maganar har inda hannunki ya shigo, sannan ki faɗe ta. In ba za ki iya ƙarasawa ba, ki yi shiru. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar laifinmu da kanmu. Ku tashi, an kusa kiran salla.