Ranar da Alhaji Barau Ya Shiga But

An ce wai a tashar motar Kwanar Gawo an taɓa yin wani Sarkin Tasha mai suna Baushe, tsohon direba wanda ya ci hanya har ya ƙoshi. Mutum ne mai sanyin magana da zafin ido, kuma ba ya yanke hukunci a zaune muddin ana iya tashi a je a gani.

Wata ranar kasuwa, damina ta yi tsakiya, sai ga Alhaji Barau ya faɗo tasha yana huci, riƙe da babbar riga tana ɗigar ruwa, direbansa Cindo na biye da shi. Alhaji Barau babban manomi ne, a makon nan za a naɗa shi Sarkin Noman garin, kuma rigar naɗin ce ya aiki Cindo birni ya karɓo. An iso gida, an buɗe but ɗin bayan mota inda ya sa ta, sai aka tarar riga ta sha ruwa, koren zaren wuya ya zuba ya ɓata farar shadda. Nan take tasha ta ɗauka. Masu shayi suka bar tukunya a wuta, fasinjoji suka sauko daga motar da ta riga ta cika.

Alhaji ya shimfiɗa rigar gaban Baushe ya ce, "Sarki, dubi! Hanya biyu ce daga birni, ta gada da ta mashigin rafi. Na ce masa ko kusa da rafi kada ya bi mini da mota. Ya ga yanke, ya tsunduma ta. In ba rafi ba, ina ruwa zai fito a but ɗin da ke kulle? Na karɓe makullina, ina so kowa ya shaida ya ci amanata."

Cindo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ta gada na biyo. Ruwan sama ya dake ni tun daga birni, amma ban taka rafi ba. Yadda ruwa ya shiga kuwa, wallahi ban sani ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ni ma in dafa!" in ji Alhaji.

To, al'adar tashar nan ita ce, direban da aka karɓe wa makulli a kan cin amana ya gama tuƙi a garin, ko amalanke ba mai ba shi ya tura. Cindo kuwa magidanci ne mai iyali, tuƙi kaɗai ya iya. Baushe ya ga abin da ke gabansa: in ya bi Alhaji, ya kashe sunan mutum a kan zato, in ya bi Cindo, ga ruwa nan a fili, ba wanda ya faɗi ta inda ya zo.

Ya ce, "Ba mai dafa Littafi yau. Kai Alhaji ba ka ga ya shiga rafi ba, kai Cindo ba ka ga ta inda ruwa ya shiga ba. Rantsuwar mutum biyu da ba su gani ba, zunubi kawai za ta ƙara. Akwai wanda ya san hanyar da ya bi, shi ne ruwan. Shi za mu tambaya. A turo motar."

Jama'a suka yi caa, aka turo mota daga bakin tasha inda aka ajiye ta zuwa ƙarƙashin ceɗiya kafin ma a tuna makulli na aljihun Alhaji. Baushe ya sa aka fitar da kafet da safaya, aka kwashe ruwan da ya kwanta a ramin taya cikin ƙwarya. Ya ɗaga ta ya nuna wa mutane. Ruwa garau, alhali rafin nan da damina ja ne wur saboda laka.

Alhaji ya ce, "Ai ya kwanta ne."

"To ina lakar da ta kwanta?" in ji Baushe. "Amma bar wannan, ba zan rufe maka baki da ƙwarya ba."

Aka goge but da tsumma har ya bushe ƙayau, aka barbaɗa toka a ko'ina ciki, domin duk inda ɗigo ya bi sai ya bar sawu. Sannan Baushe ya miƙa wa Alhaji tocila ya ce, "Bismilla, shiga."

"Ni? In shiga ina?"

"But. Za mu rufe ka, mu zuba ruwa daga waje. In na sa Cindo, za ka ce ya ɓoye. In na sa yarana, za ka ce 'yan tasha sun haɗa kai. Idonka kaɗai ne ba za ka ƙaryata ba. In ka ga ɗigo, ka buga."

Kai, ranar an ga abin kallo! Alhaji Barau ba ƙaramin mutum ba ne a jiki. Ya cire hula, ya tattare riga, ya sa ƙafa ɗaya, mota ta yi ƙasa. Ya sa ta biyu, mai ƙosai ta yi dariya har ta zauna. Amma zuciyar gardama ta fi kunya ƙarfi, ya naɗe ya kwanta, aka rufe.

Wani ɗan kamasho ya ɗauko bokiti zai sheƙa bisa rufin mota, Baushe ya riƙe hannunsa. "Tsaya! In ka fara daga sama, ruwa zai bi ko'ina, kowane wuri ya zama abin zargi. Daga ƙasa ake farawa, a wanke mara laifi ɗaya bayan ɗaya." Ya karɓi buta da kansa. Ya tsiyaya a kan bamba, can ƙasan bayan mota.

"Alhaji, akwai?"

"Babu!" murya ta fito daga ciki a dakushe.

Ya koma kan fitilun baya, ya jiƙa gefensu sosai. Babu. Ramin makulli, babu. Gefen dama na murfi, babu. Cindo na tsaye yana motsa leɓe da addu'a. Baushe ya kai buta kusurwar hagu ta sama, inda murfi ya haɗu da gilashi, ya tsiyaya a hankali.

Sai bugu, dam dam dam! "Ga shi nan! Ga shi nan yana zuba a kunnena! Ku buɗe!"

Ihu ya tashi har bakin kasuwa. Aka buɗe, Alhaji ya fito fari fat da toka, ga sawun ruwa baƙi ya sauko daga kusurwar hagu ya nufi ramin taya. Baushe ya bi sawun da yatsa zuwa kwarmin da ke kewaye da bakin but, wanda ruwan sama ke bi ya sauka ƙasa. Datti da ƙasa sun cika kusurwar, sun toshe hanyar ruwan. Ya ɗaga robar bakin but, sai ga fararen saiwoyi sun kutsa ƙarƙashinta sun ɗage ta. Ya ja a hankali, ya fito da tsiron masara, ƙwayar na manne da shi, jan maganin iri bai ma gama fita daga jikinta ba.

Duk garin an san jan irin nan. Alhaji ne kaɗai ya sayo shi a farkon damina, ya tuƙo motar da kansa don kada wani ya taɓa buhun, ya cika but har ya ƙi rufuwa, ya yi mako yana ba da labarinsa a majalisa.

Baushe ya sa tsiron a tafin Alhaji ya ce, "Lallai ba a yi kuskure ba da za a ba ka Sarkin Noma, shukarka ko a ƙarfe fitowa take. Ga hukuncina. Rigar, masararka ce ta ci ta, ku sasanta a gona. Makulli kuwa, a gaban jama'a ka karɓe shi, a gaban jama'a za ka mayar, da hannun da ya karɓa da bakin da ya yi zargi."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙwayar. Kunya ta kama shi sosai, amma ba mugu ba ne. Ya zaro makulli ya ce, "Cindo, na zalunce ka. Ku shaida, bai ci amanata ba. Ka yafe ni." Cindo ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya yafe.

Kafin la'asar an kankare kwarmin, an wanke, an shafa gam an mayar da roba. Da za a sake gwadawa, Alhaji ya ce ba mai shiga sai shi. Aka sheƙa bokiti bayan bokiti, ya fito a bushe yana dariya. Ranar naɗi tsohuwar rigarsa ya sa, Cindo ne ya tuƙa shi zuwa fada.

Masu hankali suka riƙe wannan daga hukuncin Baushe: kafin ka ɗora wa wani ɓarnar da ta same ka, shiga inda take ka haska da idonka, domin sau da yawa abin da ya buɗe mata ƙofa, kai ka shuka shi.