Falalu Mai Mita Ɗari da Keken Hajiya Ummulkhairi

Akwai wani mutum a Jarwal, wata unguwa a garin Makka, sunansa Falalu, ɗan Kano ne, yana tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa. Shekarunsa arba'in da bakwai, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka sha labarin gudun mita ɗari da ya ci a sakandare. Ni kaina na ji shi sau goma sha ɗaya, kuma ban taɓa tambaya ba.

A walat ɗinsa akwai tsohon hoto da malamin wasanninsu ya ba shi. Wani Baturen Ingila ne da gajeren wando, zakaran gudun yadi ɗari tun kafin yaƙin duniya na farko, zamanin da ɗan tsere ke haƙa wa ƙafarsa rami kafin a harba bindiga. Malamin ya ce Baturen ya shekara shida ba a wuce shi ba. Ranar da aka kayar da shi, waiwayawa ya yi ya ga ina na gefensa yake.

Falalu ya adana hoton, ya watsar da labarin.

A masaukin alhazan da yake aiki akwai Luqman, mutumin Maraɗi, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji zafi. Amma duk tsohon da ya sauko, sai ka ji: "A kira min Luqman."

Wannan kalma ita ke hana Falalu jin daɗin shayi.

"Wai me yake ba su ne?" in ji shi. "Ni da nake gama sa'ayi biyu kafin ya gama ɗaya!"

A lokacin Umrar 2016, mudir, wato manajan masaukin, ya ce zai naɗa shugaban masu turi, wanda ya fi iya aiki. Falalu ya shafa gemu. A wurinsa iya aiki sauri ne.

Bayan la'asar suka fita tare. Luqman da wani dattijo Basakkwace, Falalu da Hajiya Ummulkhairi, tsohuwa daga Gumel.

Da suka zo korayen fitilu, inda maza ke sassarfa, Falalu ya sa gudu.

"Ɗana, ai mata ba sa gudu a nan."

"Ba ke ke gudun ba, Hajiya, ni ne. Riƙe da kyau!"

A zagaye na biyar, a kan Marwa, Hajiya ta ce ƙishi take ji. Ya ajiye ta cikin jerin kekuna, ya je ɗebo Zamzam. Yana juyowa ya hango Luqman ya iso. Luqman! Mutumin da ya bari a baya tun zagaye na biyu!

Zuciyarsa ta yi baƙi. Idonsa na kan Luqman ya cafki hannun keke, ya harba.

"Ɗariƙ! Ɗariƙ, ya hajj!" Falalu na ihu da Larabci a ba shi hanya, mutane na darewa. Tsohuwar na ta ɗaga murya, shi kuwa ya ce a ransa addu'a ta yi daɗi.

Ya je Safa, ya dawo Marwa, bakwai ta cika. Ya tsaya yana haki, yana neman wanda ya ga wannan bajinta.

Sai ya ga Luqman a durƙushe yana ba wata tsohuwa ruwa. Tsohuwar ta ɗago, idonta jawur.

Hajiya Ummulkhairi ce.

Falalu ya zagayo gaban kekensa a hankali. Wata tsohuwa ce 'yar Turkiyya da farin hijabi, wadda ta gama bakwai ɗinta tuntuni tana jiran ɗanta. Ga ɗan nan ya iso, jiƙe da gumi, ya yi zagaye biyu yana bin su.

"Ka ci, ya shaikh," in ji Luqman. "Wa kake tsere da shi?"

Ashe tun da Luqman ya ga Hajiya ita kaɗai tana kuka, bai motsa ba. Dattijonsa ma ya ce a jira.

Mudir ya rantse sai Falalu ya bar aikin, kuma takardar zamansa a kan aikin take. Luqman, wanda aka naɗa shugaba a ranar, shi ya tare ƙofa.

"A bar min shi, ya mudir. In tsoho ya manta maganinsa a masauki, wa zai ɗauko kafin a tada salla?"

Hajiya ta yafe, amma da sharaɗi. Falalu ya sake kai ta sa'ayin daga farko, a tafiyar Luqman, yana amsa amin ga kowace addu'a. Sunayen jikokinta ashirin da uku, duk sai da ya ji.

Da suka gama ta ce: "Zagayo gabana, ɗana. Kalli fuskata da kyau, kada gobe ka kai ni Turkiyya."

Har yau Falalu na nan. Labarin mita ɗari ya mutu, amma in ka matsa masa sai ya rage murya ya ce maka ɗan tsohuwar Turkiyyan nan da ya bi shi a guje shekararsa ashirin da biyar, kuma bai kamo shi ba.

Darasi: Mai hassada idonsa na kan rabon wani, har amanar da ke hannunsa ta suɓuce bai sani ba. Kalli wanda aka damƙa maka, ka bar na gefenka. Ku kuma da kuke karanta min labari ku yi dariya ku wuce, ina ganinku. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ya faɗo muku a rai.