Alhaji Ya Hana Ribas

An yi wani attajiri a garinmu, Alhaji Maikwano. Ranar da ya sayi mota ya ji direbansa Barau ya ce zai yi ribas.

"Mene ne kuma ribas?"

"Turanci ne, Alhaji. Komawa da baya ke nan."

"Baya? Ni ban taɓa komawa baya ba. Ranar da ka yi ribas da ni, ka ajiye makulli."

Ran nan suka shiga wani lungu, ashe ba ya ɓullewa, kuma ko akuya ba ta iya juyawa a ciki.

"Kai ni gida," in ji Alhaji. "Ka dai san sharaɗi."

Barau ya sosa ƙeya. "Alhaji, ina ne gaban mutum?"

"Kai wawa ne? Inda ya sa fuska mana."

"To don Allah durƙusa kan kujera, ka dubi gilashin baya."

Alhaji ya tattare babbar riga ya juya. Barau ma ya waiwaya, ya sa giya, mota ta motsa.

"Kai Barau! Ba ribas ɗin ba ke nan?"

"Ina muka sa fuska, Alhaji?"

"Bakin titi."

"Ina muka nufa?"

"Bakin titi."

"To ni da kai gaba muke yi. Motar ce kaɗai ke ribas. In kora ce ita za ka kora, mu taka da ƙafa."

Alhaji ya leƙa kwatar lungun, ya dubi farin takalminsa, ya gyara durƙuso.

"Ci gaba, amma a hankali."