Matakalar da Auta ta Kasa Sauka

Akwai wata yarinya, Auta ake ce mata, tana da shekara sha bakwai ta yi haihuwar fari. Mijinta direban babbar mota ne, ba kasafai yake kwana gida ba. Ɗakinsu na haya a saman bene yake.

Tun da ta haihu, Auta ba ta taɓa sauka da jaririn a hannunta ba. Kullum sai ta leƙa ta kira maƙwabciyarta mai ɗinki: "Anti, don Allah zo ki sauko min da shi."

Da surukarta ta zo taya ta zama ta ga haka, ta ce ina! "Wannan wane irin son jiki ne? Ni da goyo da tulu nake hawa tudu." Ta hana mai ɗinki hawowa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, da zarar Auta ta kalli matakalar, sai wani tunani ya faɗo mata: za ki sake shi. Tana son ɗan nan kamar ranta, amma tunanin ya ƙi barin ta. Barci ya ƙaurace mata. Tana tsoron in ta faɗa a ce ta haukace, a raba ta da ɗanta.

Ran nan da hantsi surukar tana kasuwa, yaro ya tashi da zazzaɓi, jikinsa zafi rau. Auta ta ƙwala wa mai ɗinki kira, shiru, ashe ta kai ɗinki cikin gari. Auta ta rungumo yaron ta zo bakin matakala, ƙafa ta ƙi. Ta zauna daɓas, yaro na kuka tana kuka.

A haka surukar ta same ta. "Ke! Yaro na ƙonewa kina zaune?"

"Inna, zuciyata ce ke ce min zan sake shi. Wallahi ba na so. Don Allah kar ku karɓe min shi."

Tsohuwa ta ajiye kwando. Ta karɓi jikanta, ta riƙe Auta gam da ɗaya hannun. "Tashi, 'yata. Ku biyun zan kai asibiti."

Yaro ya samu sauƙi. Auta kuwa, likita ta ce damuwar bayan haihuwa ce ke damun ta, tana kama mata da yawa, kuma tana da magani.

Ranar da Auta ta fara sauka da ɗanta a ƙirji, Inna ce a gabanta, tana sauka da baya da baya, hannuwa a buɗe, tana cewa, "Taho, ina nan."

Darasi: Ba kowace mai jego da ta kasa ba ce malalaciya. Kafin ku yi mata faɗa, ku tambaye ta abin da ke tsorata ta, ku raka ta asibiti. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wata Autar zaune a bakin matakala.