Rubutun Da Auta Ya Yi A Bayan Yayarsa

Akwai wani mutum da Allah ya buɗa wa har ya kafa 'yar masana'antar yin maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da malamai ke rubutu da shi a farin allo, 'yan kasuwa kuma a jikin kwali. A gaban idonsa ma'aikata suna ce masa Maigida. Da ya juya baya kuwa sunansa Garwashi, domin ba a taɓa shi a kwana lafiya.

Mutum ɗaya ce ba ta kiran sa da ko ɗaya daga cikin sunayen nan. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kuma Auta take ce masa. Mahaifiyarsu ta rasu ko tafiya bai fara ba, yayar ce ta goya shi. Lokacin da sa'o'inta ke tafiya makaranta, tana gida da shi a bayanta. Shi ya yi karatu har ya ƙoshi, ita ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Da mijinta ya rasu sai ta zo tana aiki a wurinsa, kowa yana kiran ta Yaya.

Aikin nasu ga yadda yake. Inji ya narkar da roba ya fitar da gangar alƙalami da murfinsa. A cusa wani matsattsen soso a cikin gangar, a ɗura masa tawada ya sha, a danna baki, a rufe da murfi har sai ya ce ƙas. Daga nan a jera su baki ƙasa su kwana, tawada ta sauko, da safe a ja layi a takarda a ga ko suna rubutu.

Ɗakin ɗura tawada shi ne hannun Yaya. Tawadar iri biyu ce. Akwai ta farin allo, wadda ake gogewa da tsumma ta fita. Akwai ta kwali da ƙarfe, wadda in ta kama ta kama ke nan. Dukkansu baƙaƙe ne, warinsu kusan ɗaya, durom ɗinsu ma iri ɗaya, sai ɗan rubutu a jiki. Tunda Yaya ba ta karatu, sai ta yi wa kanta dabara: duk ranar da aka kawo sabbi takan sa a karanta mata, ta ɗaure jan ƙyalle a wuyan durom ɗin da tawadarsa ba ta goguwa. Shekara da shekaru ƙyallen nan bai taɓa ba ta kunya ba.

Shi kuwa Garwashi ba abin da ya tsana kamar ƙyallen.

"Yaya, wannan tsumman yana zubar min da mutunci. Masana'anta ce nan, ba ɗakin girki ba."

"To Auta, shi ne idona," in ji ta tana dariya. "Ka bar min abina."

Ana nan sai ƙungiyar masu makarantu ta ba shi aiki mafi girma da ya taɓa samu, alƙaluman farin allo kwali a kan kwali. Shugaban ƙungiyar ya zo da kansa ya ga wurin. Garwashi ya sha ado, ya sa sabon takalmi ruwan ƙasa da aka goge har yana ɗaukar ido, yana zagayawa da baƙo yana zuba bayani kamar shi ya ƙirƙiro tawada a duniya.

Da suka shiga ɗakin tawada Yaya ta fita cin abinci. A safiyar nan aka kawo sabbin durom biyu, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Wani ɗigo ya faɗo daga tiyo a kan sabon takalmin. Garwashi ya yi tsaki, ya fizge jan ƙyallen, ya goge takalminsa, ya wurga shi baya ba tare da ya duba ba. Bakinsa ko tsayawa bai yi ba. Ƙyallen kuwa ya sauka a kan ɗaya durom ɗin.

Jim kaɗan Yaya ta biyo shi har ƙofar ofis.

"Auta, ko an taɓa ƙyallen nan? Na tarar da shi a kwance. Zo ka karanta min jikin durom ɗin."

Ya juyo yana hura hanci. "Wa zai taɓa tsummanki? Ba ki ga ina da baƙo ba ne? Je ki yi aikinki."

Ta yi wa baƙon sannu, ta koma, ta ɗaure ƙyallen a inda ta same shi. Ta guje wa mai ƙyalle kamar kullum, ta jona tiyo a ɗayan. Da safe aka ja layi a takarda, rubutu ya fito baƙi ƙirin, kyakkyawa. A takarda ai duk tawadar ɗaya ce. Aka loda mota ta tafi.

Sati bai cika ba waya ta fara ruri. Malamai sun cika alluna da darasi, sun sa tsumma, rubutu ya ce ina nan. Aka dawo da kwalayen aka jibge masa a tsakar masana'anta, shugaban ƙungiya kuma ya faɗa masa maganganun da ba a taɓa faɗa masa ba.

Garwashi ya sa aka kashe injina, ya tara kowa. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce ya ɗauki Yaya aiki ne don tausayi. Ya ce da ba 'yar'uwarsa ba ce ko shara ba zai ba ta ba. Yaya tana tsaye da farar rigar aikinta, wadda ta ɗinka da hannunta, ta sunkuyar da kai.

"Auta, ai na zo na ce ka karanta min."

"Kada ki sake ce min Auta a nan wurin. Ni na hana ki karatu?"

Jama'a, ku ji tambaya. Wallahi da na zo nan a labarin sai da raina ya ɓaci. Wanda aka hana karatu dominsa, shi ne mai wannan tambayar.

Kuma bai tsaya nan ba. Ya zari alƙalami ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su, ya cire murfin da haƙori, ya kama kafaɗarta ya juya ta, ya rubuta da manyan baƙaƙe a bayan rigar: JAHILA.

"Tunda alama kike so, ga alama nan. Fita, yanzun nan."

Yaya ta juya wurin mai injin roba, dattijon da suka daɗe tare. "Me ya rubuta?"

Mutumin ya kalli ƙasa. "Ba komai, Yaya."

Manya-manyan maza cike da wuri, aka rasa mai cewa a cire rigar. Kowa yana tsoron bakin aikinsa. Haka ta ɗauki 'yar jakarta ta fita da rigar a jikinta.

To ga abin haushin. Da zuciyar Garwashi ta sauka sai ya tuna abin da ya sani tun ranar da ya fara sana'ar: in tawada marar goguwa ta hau farin allo, sai a bi kanta da alƙalami mai goguwa, sabuwar ta jiƙa tsohuwar, a sa tsumma su fita tare. Ya sa aka ɗura sabbi, ya bi makarantun ɗaya bayan ɗaya da mutanensa, alluna suka koma fari tas. Shugaban ƙungiya ya huce har ya yabe shi. Abin da ya tayar da duniya a kansa, ashe aikin tsumma ne.

Ya dawo yana jin kansa. Ya shiga ɗakin tawada, wanda yanzu shi ke kula da shi da kansa, ya tsaya yana jona tiyo. Ɗigo ya sake faɗowa a kan takalmin. Ya yi tsaki, hannunsa ya kai kan jan ƙyallen, ya fizge, ya sunkuya.

A sunkuyen ya tsaya. A jikin ƙyallen akwai shatin man takalmi ruwan ƙasa, gefe da busasshen ɗigon tawada. Hannu ya tuna abin da kai ya manta. Ya ga baƙon, ya ga kansa yana wurgi, ya ji muryarta a ƙofar ofis tana roƙon ya zo ya karanta mata. Ya zauna a ƙasa da adonsa.

Da yamma ya ɗauki kwalbar sinadarin da suke wanke tiyo da shi, ya nufi gidan Yaya. 'Yarta ce ta buɗe ƙofa, budurwa mai aikin jinya. Ba ta gaishe shi ba.

"Kawu, ka san da rigar nan ta shiga motar haya? Ka san ta bi ta kasuwa tana gaisawa da mutane, ana dariya a bayanta ba ta san dalili ba? Da ta iso ta juya min baya ta ce in karanta mata. Na ce datti ne. Ta ce in ji tsoron Allah in faɗa mata gaskiya. Ni ka sa na karanta wa uwata wannan kalmar da bakina."

Ya wuce ta ya shiga.

Rigar tana kan igiya a tsakar gida. An wanke ta har yadin bayan ya fara saki, baƙin ya koma toka-toka, amma ko daga ƙofa mai ido zai karanta. Ya sauke ta, ya zuba sinadarin, ya hau murza. Tawadar ta bazu cikin zaren, haruffan suka ƙara kauri.

"Bar wahalar da kanka," in ji Yaya daga bakin ɗaki. "Kai ka sha faɗa wa masu saye cewa tawadarka ba ta fita. Ashe gaskiya kake faɗa."

Ya durƙusa. Ya ba ta labarin takalmin da ƙyallen, bai rage komai ba. Ya ce ta dawo, ɗakin tawada nata ne, zai tara ma'aikata ya wanke ta a gabansu.

Ta saurare shi har ya gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na yafe maka tun kafin in san me ka rubuta, kuma da na sani ban janye ba. Amma komawa kam, a'a. Duk faɗin jikina ka rasa inda za ka yi rubutu sai bayan da ya goya ka."

Ta karɓi rigar daga hannunsa, ta matse, ta ninke ta yadda rubutun ke sama, ta miƙa masa.

"Tafi da ita. Kai ka iya karatu, ni ba ta da amfani a wurina."

Ya miƙe da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, hawaye na zuba. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo, yana jiran kalma ɗaya, sunan nan da ya hana ta faɗa a gaban mutane.

Yaya ta gyara zamanta ta ce, "Ka gaida gida, Maigida."

Masana'antar tana nan tana aiki, har ta ƙara girma. Suna gaisawa, suna haɗuwa a sha'anin dangi. Amma daga ranar ba wanda ya sake kiran sa Auta.

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka kafin ka buɗe baki cikin fushi ka fara duba hannunka. Ɓarnar aiki tana gyaruwa, amma cin mutuncin wanda ya ɗauki nauyinka ko an yafe ba ya goguwa. Ka tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman mai saurin hawa da har yanzu yake da wanda ke kiran sa da sunan gida.